Nazarin Lamari: Sauya Wayarin Fitilun Hazo a Wata A-kori-kura a Kaliforniya

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa yana zaune ne a Kwarin Tsakiya na jihar Kaliforniya a Amurka, dogon kwarin noman nan da ke kwance tsakanin duwatsun Sierra Nevada da na gaɓar teku. Motarsa a-kori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, ta haura shekara goma a hanya. Da ita yake zuwa aiki a ranakun mako, da ita kuma yake shiga hamadar Mojave a ƙarshen mako, wuraren da babu kwalta sai duwatsu da kwazazzabai da rairayi.

Wuraren biyu ba haske iri ɗaya suke nema ba. A kwarin, daga Nuwamba zuwa Maris, hazo mai kauri yakan sauka da dare ya kwana a ƙasa, wani lokaci har direba ya kasa ganin motar da ke gabansa. A Nuwamban 2007 motoci sama da 100 suka yi karo da juna cikin irin wannan hazo a babbar hanya mai lamba 99 kusa da Fresno, mutum biyu suka rasu. A hamada kuwa iska a bushe take, dare baƙi ƙirin, tafiyar kuma a hankali ake yinta. Direba yana son ya hango nesa don ya san inda hanya ta nufa, yana kuma son ya ga dutsen da ke dab da tayarsa.

Motar ta zo daga kamfani da fitilun hazo biyu a jikin bamba, kowacce da ƙwai na halojin mai wat 55. Suna kamawa ne idan fitilun fakin ko gajeriyar wuta suna kunne. Da zarar an buga doguwar wuta, sai su mutu da kansu. Haka akasarin motocin da ake sayarwa a Amurka suke. Dokar tarayya ta fitilun mota, FMVSS 108, ba ta wajabta fitilar hazo ba, ta bar wa jihohi tsara amfani da ita, jihohi da dama kuma sun ƙayyade cewa kada manyan fitilun gaba da ke kunne a lokaci guda su wuce huɗu. Kamfanin da zai sayar da mota ɗaya a jihohi 50 sai ya zaɓi tsarin da zai wuce ko'ina.

Wannan mutuwar fitilun ita ce damuwarsa. A hamada, duk lokacin da ya buga doguwar wuta, gefen hagu da na dama kusa da motar sai su yi duhu. Abin da yake so bai wuce a ce fitilun hazo su ci gaba da ci tare da doguwar wuta ba.

Agusta: ɗaga motar

Kafin ya taɓa ko waya ɗaya, ya yi wani aiki da bai ɗauka yana da alaƙa da fitila ba. Ya ɗaga motar da inci 4, ya kuma sauya tayoyi daga masu tsayin inci 31 zuwa masu inci 35. Rabin bambancin tsayin taya ne ke ƙaruwa a tsayin mota, wato inci 2. Jimilla duk abin da ke jikin motar ya hau da inci 6. Tsakiyar fitilun hazo ta tashi daga inci 25 zuwa inci 31 daga ƙasa, ta manyan fitilu kuma daga 40 zuwa 46. Ba a sake saita ko ɗaya daga cikinsu ba.

Oktoba: jan wuta daga layin fakin

Gwajin farko shi ne mafi sauƙi a ido. Ya lura fitilun fakin ba sa mutuwa ko an buga doguwar wuta, don haka ya yanke wayar da ke kawo wa fitilun hazo wuta daga kamfani, ya jona su kai tsaye da wayar fitilar fakin ta gaba. Ya yi amfani da ɗan matsewar nan na roba da ke huda rigar waya ya kama ta ba tare da an yanke ba. A gareji komai ya yi daidai: ya kunna fakin, fitilun hazo suka kama, ya buga doguwar wuta, ba su mutu ba.

Lissafin da bai yi ba shi ne na nauyi. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan wat 110, wanda a kan volt 12 ya kai kusan amp 9. Layin fakin a motar yana da fiyus na amp 10, kuma dama yana ɗauke da fitilun baya, da na gefe, da na lamba, da hasken dashbod, kusan amp 4 gaba ɗaya. An ɗora amp 13 ke nan a kan fiyus na 10. Fiyus ba ya tsinkewa nan take idan nauyi ya ɗan haura ƙarfinsa. Yakan yi ta ɗumi na wasu mintuna tukuna. Shi ya sa gwajin minti ɗaya a gareji bai nuna komai ba.

A tafiyar dare ta farko fiyus ɗin ya tsinke a kan babbar hanya. Manyan fitilun gaba na kan layinsu dabam, suna ci, saboda haka yana ganin hanya sarai. Abin da ya ankarar da shi shi ne dashbod da ya yi duhu. Fitilun baya ma sun mutu tare da shi, wato motar tana gudu cikin dare babu ja ko ɗaya a bayanta sai in ya taka birki.

Washegari ya cire fiyus na amp 10 ya sa na 20. Fitilun suka dawo, ba su sake mutuwa ba. Amma wayar layin fakin siririya ce, mai lamba 18 a ma'aunin Amurka, inda ƙaramar lamba ke nufin waya mai kauri. Aikin fiyus kare waya ne, kuma ana zaɓen girmansa ne daidai da abin da wayar za ta iya ɗauka. Da aka ninka shi, wurin da zai fara ƙonewa ya tashi daga cikin akwatin fiyus ya koma wani wuri a jikin wayar. Bayan kamar mako biyu ya fara jin ƙaurin roba daga ƙarƙashin bonet. Matsewar da ya yi jonin da ita ta narke, rigar wayar ta yi baƙi ta ƙandare tsawon inci 3 a kowane gefe.

Kafin ya kwance jonin ya sa mita ya auna, inji na aiki. A kan batir volt 14.0, a bakin ƙwan hazo volt 12.6. Kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wutar yana salwanta a hanya, yana zama zafi. Ƙwan halojin kuwa ba ya yafe irin wannan: raguwar kashi 10 a volt takan ci kusan kashi 30 na haskensa. Fitilun da ya yi wa wannan wahala duka sun fi dushewa a kan yadda suke tun farko.

Nuwamba: dayod da sandar haske

Ya gyara wayar da ta ƙone, ya mayar da fiyus na amp 10, ya sake haɗa fitilun hazo da layinsu na asali. Sannan ya bi ta wata hanyar da ta fi tsabta. Fitilun hazo na motar suna da rile nasu a akwatin da ke ƙarƙashin bonet. Rile makunni ne da ƙaramar wuta ke sarrafawa: ƙafafu masu lamba 85 da 86 su ne na naɗin maganaɗisu, wanda bai jan ko rabin amp, ƙafa ta 30 tana karɓar babbar wuta daga batir, ta 87 kuma tana miƙa ta ga fitila. In dai ƙafa ta 86 ta sami wuta, fitila za ta kama. Sai ya jawo siririyar waya daga layin doguwar wuta zuwa ƙafa ta 86.

Da farko ya jona ta haka nan. Sakamakon ya ba shi mamaki: da ya kunna fitilun hazo kaɗai, sai shuɗiyar alamar doguwar wuta ta fara ɗan haske a dashbod. Wutar ta bi sabuwar wayar ta koma baya, daga makunnin hazo zuwa layin doguwar wuta. Ya sa dayod a tsakiya, wanda ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, matsalar ta kau. Ta fuskar lantarki wannan aiki ya tsaya da ƙafarsa. Nauyin fitilun yana kan wayarsu ta asali da fiyus ɗinsu, babu abin da ke zafi.

Sai dai ya zo da wani sauyi da bai yi tunaninsa ba. Yanzu duk lokacin da doguwar wuta ta kama, fitilun hazo za su kama, ko makunninsu na kunne ko a kashe. A da ba ya iya kunna su tare da doguwar wuta. Yanzu ba ya iya kashe su.

A ƙarshen watan ya ƙara wata doguwar sandar fitilun LED mai wat 180 a saman gilashin gaba. Ta zo da rile da fiyus nata, ya haɗa babbar wayarta da batir yadda ya kamata. Amma maimakon ya huda dashbod ya sa mata makunni, sai ya ɗauki siginar rilenta daga wancan layin na doguwar wuta. Motsi ɗaya na hannu yana kunna komai: manyan fitilu, na hazo, da sanda. A hamada ya ji daɗin haka ƙwarai. Bai sayi murfin sandar ba.

Disamba: hazo, sannan ɗan sandan hanya

A makon farko na Disamba, da asuba, yana kan wata hanyar gonaki hazo ya rufe. Hannunsa ya kai ga doguwar wuta kamar yadda ya saba a duhu. Gabansa ya zama fari fat. Farin layin gefen hanya, wanda shi yake bi, ya ɓace masa na wasu daƙiƙu, tayoyin dama suka sauka daga kwalta kafin ya mayar da gajeriyar wuta ya dawo da motar.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san yadda hazo yake. Ƙananan ɗigon ruwa ne rataye a iska, kowane ɗigo yana mayar da wani ɓangare na hasken da ya same shi. Gwargwadon kusancin fitila da layin idon direba, gwargwadon hasken da zai dawo masa. Shi ya sa ake sa fitilar hazo can ƙasa, a ba ta haske mai faɗi da aka yanke samansa, don ta haska kwalta da gefen hanya ba tare da ta haska hazon da ke gaban gilashi ba. Sandar da ke saman gilashi tana yin kishiyar haka: tana zuba haske mai ƙarfi daidai inda ido yake kallo.

Kwana goma bayan haka, da daddare, babu hazo, ya buga doguwar wuta a wata hanya mai layi biyu, ya makara wajen saukewa. Motar da ke tahowa ta 'yan sandan hanya ce. Jami'in ya juyo, ya tsayar da shi, ya sa ya kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya, ya kuma auna tsayinsu.

Dokar Motoci ta Kaliforniya ta yi magana a kan kowane abu da aka samu. Sashe na 24409 ya ce a sauke doguwar wuta idan mota mai tahowa ta kusanto ƙafa 500, ko in ana bin wata a baya cikin ƙafa 300. Sashe na 24405 ya hana kunna fitilun gaba fiye da huɗu a lokaci guda. A nan akwai abin lura, domin sashen yana ƙirga tagwayen manyan fitilu na gefe ɗaya a matsayin fitila ɗaya. Manyan fitilu biyu da na hazo biyu huɗu ke nan, ba su keta ƙa'ida ba. Sandar ce ta zama ta biyar. Sashe na 24411 ya yarda mota ta ɗauki fitilun daji, wato na tuƙi a wajen titi, har takwas, amma da sharaɗi: kada su yi ƙasa da inci 16 daga ƙasa, kada su wuce inci 12 sama da rufin mota, wayarinsu ya zama dabam da na duk sauran fitilu, kuma muddin ana tuƙa motar a kan titi, su kasance a kashe, a rufe da murfin da haske ba ya ratsawa. Sandarsa ba murfi, kuma tana rataye a layin doguwar wuta. Na ƙarshe, sashe na 24403 ya ce fitilun hazo kada su wuce biyu, su zauna tsakanin inci 12 da inci 30 daga ƙasa. Nasa suna inci 31.

An ba shi takardar gyara, irin wadda mutum zai gyara abin da aka lissafa, wani jami'i ya duba ya sa hannu, a kai wa kotu tare da dala 25 kafin ranar da aka rubuta.

Janairu: raba layuka

A wannan karon ya kai motar wurin mai wayarin mota. Kafin ya ɗauki ko filaya, mai wayarin ya tambaye shi a ina yake buƙatar hasken, kuma a wane gudu. Amsar ita ce gefen tayoyin gaba, a hamada, cikin tafiyar da ba ta fi ta mai gudu da ƙafa ba. Babu wani dare a kan kwalta da ya taɓa buƙatar fitilun hazo tare da doguwar wuta.

Aikin ya kasu uku. Da farko aka cire dayod da wayarsa, fitilun hazo suka koma yadda kamfani ya tsara su. Aka yi musu sabon mariƙi a ƙasan bamba, tsakiyarsu ta sauko zuwa inci 28. Aka tsayar da motar a wuri mai daidaito, ƙafa 25 daga bango, aka yi alama a bangon daidai tsayin tsakiyar fitilun, aka sunkuyar da su har saman haskensu mai ƙarfi ya sauka inci 4 ƙasa da alamar, kamar yadda sashe na 24403 ya nema. Kafin saitin, hasken yana sama da alamar, domin ɗaga motar ya fi ɗaga gabanta a kan bayanta. Manyan fitilun ma an same su suna kallon sama, aka saita su.

Na biyu, aka ba buƙatar hamada fitilunta. Aka ɗaura ƙananan fitilun LED biyu masu faɗin haske, kowacce wat 20, a gindin gilashin gaba hagu da dama, aka karkata su waje da ƙasa. Su ne ke haska gefen da yake kuka da shi, kuma sun fi fitilun hazo iya wannan aiki, domin na hazo gaba suke kallo, ba gefe ba.

Na uku shi ne wayarin kansa. Sandar tana jan amp 15 a kan volt 12, aka ba ta waya mai lamba 12 da fiyus na amp 20. Ƙananan biyun suna jan amp 3 da ɗoriya, aka ba su waya mai lamba 16 da fiyus na amp 5. Kowane fiyus an sa shi dab da batir, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da kariya. In ta gogu da ƙarfe ta yi shot, babu abin da zai tsinke sai ita. Kowane layi da rilensa, kowane rile da makunninsa a dashbod mai ɗan haske da ke nuna yana kunne. Siginar makunnan an ɗauko ta daga layin da ke samun wuta sai an murɗa makulli, don kada a manta fitila a kunne ta shanye batir. Wayoyin at, wato masu mayar da wuta ta jikin mota, an ɗaure su a jikin ƙarfen da aka kankare fentinsa. Inda waya ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba an sa mata zoben roba. Babu jonin hudawa ko ɗaya. Duk an matse su da ƙarfe an rufe da robar da zafi ke tsukewa. Aka sayi murfi uku baƙaƙe.

Da aka auna a bakin ƙwan hazo, volt 13.7 aka samu, batir yana 14.0. Jami'i ya duba ya sa hannu, aka rufe takardar a kotu.

Zuwa Maris, da abin da lamarin ya nuna

Sauran lokacin hazon ya wuce ba tare da fiyus ya tsinke ko an sake tsayar da shi ba. A cikin hazo yana tafiya da gajeriyar wuta da fitilun hazo, ya kuma ce layin gefen hanya ya fi fitowa a kan da. A hamada yana cire murfi, ya kunna abin da yake so dabam-dabam. Ya gano ma cewa in yana bin wata mota cikin ƙura, kashe sandar ya fi, domin ƙura tana mayar da haske kamar yadda hazo ke yi.

A ganina gwajin Oktoba shi ne mafi haɗari, ba don dokar da ya taɓa ba, sai don ya rataya fitilun baya a kan layin da aka yi wa lodi fiye da kima, sannan aka cire abin da ke kare shi. Mota mai duhun baya a hanyar da hazo ke rufewa tana iya jawo irin karon da ba a tashi. Gwajin Nuwamba ya fi wuyar hukunci, domin wayarin ya yi kyau, kuma haɗa fitilun hazo da doguwar wuta shi kaɗai bai saɓa ƙirgar Kaliforniya ba. A ƙasashen da ke bin ƙa'ida ta 48 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun mota, irin su na Turai, ana ma buƙatar fitilun hazo su iya kamawa da mutuwa ba tare da sun dogara da doguwa ko gajeriyar wuta ba. Amma can ma an ɗaure amfani da su: a Birtaniya ba a kunna su sai gani ya ragu sosai, abin da ƙa'idar hanya ta kwatanta da kasa ganin abin da ya wuce mita 100. Laifin dayod ɗin shi ne ya ƙwace zaɓi daga hannun direba, sandar kuma ta bi ta wannan ƙofa ta shigo titi. Ko a dare mai tsabta, yawan haske dab da bamba yana tsuke ƙwayar ido, ya rage hangen nesan da aka kunna doguwar wuta dominsa.

Gyaran Janairu ya yi aiki ne saboda an daina tilasta wa fitila ɗaya aiki biyu. Na hazo sun koma wa hazo, hamada ta sami nata fitilun a kan nata layin, kuma sharaɗin doka na raba wayarin ya zo daidai da abin da lantarki ke so. Masu sababbin motoci su sani cewa ko hanyar dayod ba lallai ta buɗe musu ba, domin a yawancinsu kwamfutar mota ce ke kunna fitilu tana auna abin da kowane layi ke ja, in ta ga baƙon nauyi sai ta yanke layin ko ta nuna alamar matsala. Layi mai zaman kansa daga batir bai taɓa wannan tsari ko kaɗan.

Abu ɗaya bai warware ba. Manyan fitilun suna inci 46 daga ƙasa, cikin iyakar inci 22 zuwa 54 da jihar ta yarda da ita, kuma an saita su daidai. Duk da haka, in ya tsaya a bayan ƙaramar mota a danja, gajeriyar wutarsa tana dukan madubinta kai tsaye. Wannan daga ɗaga motar ya zo, kuma babu wayarin da zai gyara shi.